Yadda Ake Auna Ra'ayin Jama'a Kan Shugabanci da Gyara a Cocin Katolika

Duk lokacin da aka zaɓi sabon Paparoma, ko aka tashi daga wani babban taro a Roma, kafofin watsa labarai sukan cika da kanun labarai masu cewa mabiya ɗarikar Katolika suna son a bar limamansu su yi aure, ko sun gaji da shugabanninsu, ko kuwa sun ƙi duk wani sauyi ƙememe. An ga haka a 2013, lokacin da Paparoma Benedik na 16 ya sauka daga kujera aka zaɓi Faransis, an kuma sake gani a watan Mayun 2025, lokacin da kadinal 133 suka shiga zauren zaɓe suka fito da Liyo na 14. Mai karatu da ya damu da lamarin, ko ɗan cocin ne ko maƙwabcinsa ne mai son fahimta, yana bukatar sanin yadda zai tace waɗannan maganganu, domin kalmar "Katolika suna so" tana ɗauke da mutane kusan biliyan 1.4, kuma babu wata ƙuri'ar jin ra'ayi da ta taɓa jin ta bakinsu duka.

Fara da tambayar su wa aka tambaya

Abu na farko da za ka nema a duk rahoton da ka ci karo da shi shi ne ƙasar da aka yi binciken. Alƙaluman da fadar Batikan ta fitar na shekarar 2023 sun nuna cewa kusan kashi 48 cikin 100 na Katolikan duniya suna nahiyoyin Amurka ta Arewa da ta Kudu, Turai tana da kimanin kashi 20, Afirka ma kimanin kashi 20, Asiya kuwa kashi 11. Amma mafi yawan binciken da ake yaɗawa a Amurka da Yammacin Turai ake yin su, saboda can ne cibiyoyin bincike da kuɗin gudanar da su suka taru. Idan aka ɗauki amsar mutanen wata ƙasa guda aka yi wa sauran kuɗin goro, an yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane aski a bayan idonsu.

Cibiyar bincike ta Pew ta samu a 2024 cewa kashi 83 na Katolikan Amurka suna son coci ya halatta amfani da hanyoyin hana ɗaukar ciki, kashi 69 suna son a bar limamai su yi aure, kashi 64 kuma suna son a naɗa mata limamai. Waɗannan alƙaluma ingantattu ne game da Amurka. To amma a 2014 gidan talabijin na Univision ya sa an tambayi Katolika sama da 12,000 a ƙasashe 12, cikinsu har da Yuganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Filifin, sai aka ga cewa a kan naɗa mata limamai rinjayen masu amsa a Afirka da Filifin suna tare da matsayin coci, alhali rinjayen masu amsa a Turai da Amurka suna adawa da shi. Tambaya ɗaya ce, amsa ta rabu gida biyu, kuma duk wanda ya kawo maka rabin wannan hoto bai gaya maka ƙarya ba, amma bai cika maka labari ba.

Bayan ƙasa, ka duba ko an rarrabe masu zuwa Misa, wato babbar ibadar coci, kowane mako da waɗanda suka amsa sunan Katolika kawai. Wannan shi ne abin da masu rubuta kanun labarai suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowane muhimmanci. Cibiyar CARA ta Jami'ar Georgetown ta yi nazarin bayanan ƙasashe 36, ta samu cewa kashi 94 na Katolikan Najeriya sun ce suna zuwa Misa aƙalla sau ɗaya a mako, a Kenya kashi 73, amma a Faransa kashi 8, a Holan kashi 7. Ko a cikin ƙasa ɗaya, binciken Pew ya sha nuna cewa masu zuwa Misa kowace Lahadi sun fi sauran jan ƙafa wajen neman a sauya koyarwa. Wannan ba dalili ba ne na raina muryar wanda ya daina zuwa coci, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa abin da ya kore shi shi ne ainihin abin da ke bukatar gyara. Sai dai ya kamata ka san muryar wa kake ji kafin ka yanke hukunci.

Sannan ka nemi adadin mutanen da aka tambaya da yadda aka zaɓo su. Binciken da aka tambayi mutum 1,000 da aka zaɓo ba tare da son rai ba yakan sami kuskuren kimanin maki 3 sama ko ƙasa, don haka idan aka ce kashi 51 sun goyi baya, kashi 49 sun ƙi, babu wanda ya yi rinjaye. Idan kuma binciken na ƙasa baki ɗaya ne, Katolikan cikinsa ba su wuce 200 ba, kuskuren ya ninka. Ƙuri'ar da ake kafawa a shafin intanet ko a Facebook, wadda duk wanda ya ga dama zai danna, ba ta auna komai face yawan waɗanda suka fi zafin rai a ranar.

Karanta tambayar kanta

Rahoto nagari yakan buga tambayar kamar yadda aka yi ta, kuma ya kamata ka karanta ta da kanka. Akwai tazara mai faɗi tsakanin a tambayi mutum ko yana ganin Paparoma da mutunci da a tambaye shi ko ya yarda da abin da Paparoma ya yanke. A binciken Pew, kashi 90 na Katolikan Amurka suna kallon Faransis da idon alheri a 2015, adadin ya sauko zuwa kashi 75 a 2024, kuma da aka duba ciki sai aka ga cewa ragin ya fi yawa a tsakanin magoya bayan jam'iyyar Rifablikan. Ke nan wani ɓangare na abin da aka auna siyasar Amurka ce ta shigo cikin coci. Haka kuma kalmar "gyara" ba ta da ma'ana ɗaya. Wanda ya ce yana son gyara yana iya nufin a ba mata ƙarin matsayi, wani yana nufin a dawo da tsohuwar Misar Latin da Faransis ya taƙaita a 2021, wani kuma abin da ke ransa bai wuce a riƙa karanta wa jama'a yadda aka kashe kuɗin baiko ba. Idan aka tara su ukun a ƙarƙashin adadi ɗaya, adadin ba shi da amfani.

Rarrabe abin da zai iya sauyawa

Nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe, har da 'yan jaridar da suka ƙware a wasu fannoni. Cocin Katolika ba ya ɗaukar dukkan dokokinsa a matsayi ɗaya, kuma sai ka san matsayin batu kafin ka iya hasashen ko ra'ayin jama'a zai motsa shi.

Akwai abubuwan da coci yake ɗauka a matsayin bangaskiyar da ya karɓa, wadda shugabanninsa suke cewa ba su da ikon taɓawa. A 1994 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya fitar da wasiƙar Ordinatio Sacerdotalis, inda ya bayyana cewa coci ba shi da ikon naɗa mata limamai, kuma waɗanda suka gaje shi, har da Faransis, sun tsaya a kan haka. Ko da kashi nawa ne suka nemi akasin wannan, wanda ya ce maka sauyi yana bakin ƙofa bai san yadda Roma take kallon batun ba. Batun naɗa mata dikinoni kuwa, wato masu hidimar da ke ƙasa da limamai a matsayi, dabam yake, domin Faransis ya kafa kwamitoci biyu su yi nazarinsa, a 2016 da 2020, kuma takardar ƙarshe ta taron Sinod na 2024, wato babban taron shawara da Paparoma kan kira, ta ce maganar tana nan a buɗe.

Akwai kuma ƙa'idojin da coci da kansa ya kafa, waɗanda yake da ikon sassautawa idan ya ga dama. Rashin auren limamai yana cikin wannan rukuni. Doka ce ta ɓangaren Latin, alhali a yawancin Cocin Katolika na Gabas, waɗanda su 23 ne kuma duk suna ƙarƙashin Paparoma, ana naɗa masu aure limamai tun tale-tale, kuma a 2009 Benedik na 16 ya buɗe hanya ta musamman ga limaman Angilika da suka komo Katolika, ciki har da masu iyali. Amma kasancewar abu yana iya sauyawa ba ya nufin zai sauya da zarar an nema. A taron Sinod na yankin Amazon a watan Oktoban 2019, mahalarta sun amince da ƙuri'a 128 a kan 41 cewa a duba yiwuwar naɗa dikinoni masu aure limamai a yankunan da limami kan shafe watanni bai leƙa ba. Da Faransis ya fitar da wasiƙarsa Querida Amazonia a watan Fabrairun 2020, bai ɗauki shawarar ba. Idan rinjayen bishop-bishop da suka zauna a gabansa bai ɗaure shi ba, ƙuri'ar jin ra'ayi ta jarida ba za ta ɗaure shi ba.

Rukuni na uku shi ne gudanarwa, wato yadda ake riƙe kuɗi, yadda ake zaɓen bishop, yadda ake hukunta limamin da ya ci amana, da kuma su wa ake zaunarwa a kujerun ofisoshi. A nan ne muryar jama'a ta fi tasiri, kuma tarihin shekarun nan ya nuna haka ƙarara. Bayan jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda aka riƙa ɓoye lalata da yara a 2002, bishop-bishop na Amurka sun taru a Dallas a shekarar suka kafa ƙa'idojin kare yara. A ƙasar Cile, jama'ar dayosis ɗin Osorno, wato yankin da bishop guda ke jagoranta, sun ƙi amincewa da Bishop Juan Barros tun da aka naɗa shi a 2015, bisa zargin cewa ya rufa wa wani limami mai laifi asiri. Faransis ya kare shi a bainar jama'a a watan Janairun 2018, amma waɗanda aka zalunta ba su yi shiru ba. Sai ya aika Akbishop Charles Scicluna ya yi bincike, ya karanta rahoton, ya rubuta wasiƙa yana amsa cewa ya yi babban kuskure, kuma a watan Mayu bishop-bishop na ƙasar suka miƙa takardun murabus gaba ɗaya. A 2019 aka fitar da dokar Vos estis lux mundi, wadda ta wajabta wa limamai da masu zaman keɓe kai, wato sistoci da mazan da suka keɓe rayuwarsu ga ibada, su kai rahoton irin wannan laifi, ta kuma tsara yadda za a binciki bishop da kansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo cikin sauƙi, kuma abin takaici ne cewa sai da mutane suka sha wuya shekara da shekaru kafin a saurare su. Haka nan kundin Praedicate Evangelium na 2022 ya ba da damar wanda ba limami ba, namiji ko mace, ya shugabanci ma'aikata a fadar Batikan, kuma a watan Janairun 2025 aka naɗa Sista Simona Brambilla shugabar ɗaya daga cikinsu.

Don haka idan ka ga wani adadi, ka tambayi kanka a wane rukuni batun yake. Kashi 60 masu neman a riƙa buga rahoton kuɗi suna da damar ganin biyan bukatarsu fiye da kashi 80 masu neman a sauya koyarwa.

Kada ka haɗa ƙuri'a da abin da coci ke kira fahimtar masu bi

Za ka ji wasu suna cewa tunda Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta koyar da cewa jama'ar Allah baki ɗaya ba sa kuskure a bangaskiya, to rinjayen ƙuri'a muryar Ruhu Mai Tsarki ne. Gaskiya ne cewa kundin Lumen Gentium ya yi magana a kan wannan baiwa, wadda ake kira sensus fidei da Latin, amma ya ɗaure ta da amincewar kowa da kowa, tun daga bishop-bishop har zuwa na ƙarshe cikin masu bi. A 2014 Hukumar Tauhidi ta Ƙasa da Ƙasa ta fitar da takarda a kan batun, ta ce ba daidai yake da ra'ayin rinjaye ba, ta kuma ce idan masu bi da yawa sun kasa karɓar wata koyarwa, wajibi ne shugabanni su binciki dalili. Misalin da kowa ke kawowa shi ne na 1968, lokacin da Paparoma Bulus na 6 ya fitar da Humanae Vitae ya tabbatar da haramcin hanyoyin hana ɗaukar ciki na zamani, duk da cewa rinjayen kwamitin da ya ba shi shawara sun nemi a sassauta. Koyarwar tana nan har yau, giɓin da ke tsakaninta da rayuwar ma'aurata da yawa ma yana nan, kuma mai nazari na gaskiya zai riƙe waɗannan abubuwa biyu tare ba tare da ya ɓoye ɗaya ba.

Ka kuma lura da alamun da ba na ƙuri'a ba. A Jamus, inda mabiyi yake biyan harajin coci ta hannun hukuma kuma yake iya zuwa ya soke rajistarsa, mutum 522,821 ne suka fice daga Cocin Katolika a 2022 kaɗai, a daidai lokacin da cocin ƙasar yake tsakiyar tattaunawar gyara da ya fara a 2019. A ɗaya gefen, da aka fitar da sanarwar Fiducia supplicans a watan Disamban 2023, wadda ta ba da damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka a wajen tsarin ibada, ƙungiyar bishop-bishop na Afirka da Madagaska, ta bakin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, ta sanar a watan Janairun 2024 cewa ba za a yi haka a majami'un nahiyar ba, kuma Roma ta bar su a kan matsayinsu. Waɗannan abubuwa biyu sun faru a cikin coci ɗaya cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma duk Paparoman da ke kan kujera dole ya saurari ɓangarorin biyu.

Idan kai ma kana da abin faɗa

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma dokar coci ta amince da haka. Doka ta 212 a kundin dokokin coci na 1983 ta ce masu bi suna da 'yanci, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su bayyana wa makiyayansu ra'ayinsu kan abin da ya shafi lafiyar coci, gwargwadon saninsu da ƙwarewarsu, cikin ladabi da kiyaye amfanin kowa. Don haka wanda ya yi magana ta hanyar da ta dace bai yi tawaye ba, kuma yana da kyau ya san lambar dokar idan aka nemi a rufe masa baki.

Ka fara daga ƙofar da ta fi kusa da kai. Doka ta 537 ta wajabta a sami kwamitin kuɗi a kowace farish, wato yankin da limami guda ke kula da shi, doka ta 536 kuma ta tanadi majalisar kula da al'amuran farish idan bishop ya ga dacewar kafa ta. Ka binciki ko suna nan, su wa ke ciki, yaushe suka zauna na ƙarshe. Ka sani cewa majalisar farish shawara take bayarwa, Fada, wato limamin farish ɗin, shi ne yake yanke hukunci, amma shawarar da aka rubuta aka ajiye a littafin taro tana da nauyin da ƙorafin bayan Misa ba shi da shi. Idan abin ya fi ƙarfin farish, ka rubuta wa bishop wasiƙa, ka sa sunanka, ka tsaya a kan batu ɗaya, ka faɗi abin da ka gani da idonka dabam da abin da ka ji, ka kuma faɗi takamaiman abin da kake nema a yi. Wasiƙar da ta nemi a buga rahoton kuɗin shekara a allon sanarwa za ta fi samun amsa a kan wadda ta ce shugabanni duka sun lalace. Idan bishop ɗin ne kansa abin ƙorafi, akwai akbishop na lardin, akwai kuma jakadan Paparoma a ƙasar, wanda shi ne yake tattara bayanai kan waɗanda za a naɗa bishop, kuma doka ta ba shi damar tuntuɓar masu bi waɗanda ba limamai ba a asirce.

Batun cin zarafin yaro ko mai rauni ba ya bin wannan doguwar hanya. Laifi ne a dokar ƙasa, don haka a kai shi ga hukuma nan take, a kuma sanar da ofishin karɓar rahoto da dokar 2019 ta wajabta wa kowane dayosis ya tanada. Kada wani ya lallashe ka da cewa a bar maganar a cikin gida domin kare sunan coci, domin irin wannan lallashi ne ya jawo bala'in da kwamitin bincike mai zaman kansa a Faransa ya ƙiyasta a 2021 cewa ya shafi yara kimanin 216,000 a hannun limamai da masu zaman keɓe kai tun daga 1950.

Hanya mafi faɗi da aka buɗe a zamanin nan ita ce ta Sinod ɗin da Faransis ya ƙaddamar a watan Oktoban 2021, wanda ya fara da sauraron jama'a a farish-farish, har majalisun bishop-bishop 112 cikin 114 suka aika da rahotanninsu. A zaman 2023 mata 54 sun kaɗa ƙuri'a, karo na farko a tarihin Sinod. Takardar ƙarshe da aka amince da ita ranar 26 ga Oktoban 2024, wadda Faransis ya karɓa ya ce a yi aiki da ita ba tare da ya fitar da tasa wasiƙar gargaɗi ta bayan taro ba, an buga ta tare da sakamakon ƙuri'ar kowane sakin layi, kuma yana da kyau ka duba waɗannan alƙaluma, domin su ne suke nuna inda kawuna suka rabu. Sakin layi na 60, mai magana a kan matsayin mata, shi ya fi shan adawa, da ƙuri'a 258 masu goyon baya da 97 masu ƙi. Sassan da suka nemi a wajabta majalisun shawara, a kuma riƙa fitar da rahoton kuɗi kowace shekara, sun wuce da rinjaye mai yawa. An tsara lokacin aiwatar da wannan takarda a dayosis-dayosis har zuwa babban taron da za a yi a Roma a watan Oktoban 2028. Ka nemi kwafinta, ka ja layi a ƙarƙashin sassan da suka shafi kuɗi da majalisun shawara, ka kai su zaman majalisar farish ɗinku na gaba, ka tambayi wanne aka fara aiwatarwa da kuma ranar da za a fara sauran.